Shafin Intanet da Wanda Ba Ya Gani: Bayani a kan Wani Aikin Ɗalibai, da Misali daga Ƙasar Gwandu

Akwai wani irin aiki da malaman jami'a su kan ba ɗalibansu a ƙasashe da yawa. A kan raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar, a ba kowace ƙungiya shafin intanet ɗaya, a ce su bincika ko makaho, da kurma, da wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, za su iya amfani da shi kamar kowa. In wa'adi ya cika, sai ƙungiyar ta tsaya gaban aji ta bayyana abin da ta gano. Bisa al'ada malaman ilmin kwamfuta ne ke ba da wannan aiki. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa in shafin na Hausa ne, to, rabin aikin ko fiye da haka na malamin harshe ne, kuma ya cancanci a shigar da shi cikin darussan Hausa na jami'o'i da na kolejojin horon malamai. Sifar da a ke bincike a kanta za a kira ta "sauƙin isa", watau yadda kowane mutum zai isa ga abin da ke cikin shafi ko da wace irin gaɓa ce ta gaza masa.

Ƙa'idodin wannan al'amari ba sababbi ba ne ƙwarai. Tim Berners-Lee ya tsara hanyar shafuffukan intanet a 1989, ya kuma kafa ƙungiyar W3C mai daidaita dokokinsu a 1994. Ƙungiyar ta fitar da kundin ƙa'idodin sauƙin isa, wanda a ke kira WCAG, a 1999, ta sake shi a 2008, ta yi masa ƙari a 2018 da 2023. Tun daga bugun 2008 an ɗora kundin bisa ginshiƙai huɗu: abin da ke shafi ya zama mai riskuwa da ido ko kunne ko taɓawa, ya zama mai sarrafuwa, ya zama mai fahimtuwa, kuma ya zama na'urori iri-iri za su iya karanta shi. Wajen doka kuwa, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet da sunansa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa mai hana nuna musu bambanci. Abin da mutane suka fi riƙewa daga dokar shi ne maganar gine-gine, da wa'adin shekara 5 da aka bayar don a gyara matakala da ƙofofi. Ƙofar da ke cikin waya ba a cika tunawa da ita ba.

Alhali kuwa ita ce ƙofar da ɗalibi ya ke fara ƙwanƙwasawa. Yaron da ya gama sakandare a Gwandu ko Kalgo, yana son shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko jami'ar jiha da ke Aliero tun 2006, ta intanet zai yi rajistar jarrabawar JAMB, ta nan zai duba sakamakonsa, ta nan zai ga ko an ɗauke shi. In makaho ne, shafin kuma bai karantu da kunne ba, ba shi da dabara sai ya miƙa lambobinsa na sirri ga wani, ya zauna yana jira a gaya masa abin da aka rubuta a kansa. Masu wannan hali ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa mai tsanani. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, yanar ido kuma ita ce babban sanadi. Banda su akwai tsofaffin malamai da idonsu ya raunana, waɗanda ba za su taɓa kiran kansu naƙasassu ba, amma ƙaramin rubutu mai ruwan toka a kan farar fuska ya fi ƙarfinsu.

Ƙasar Gwandu ta dace da wannan nazari saboda tarihin karatunta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a garin tun 1805, daga baya kuma nan ya zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi, mai tafsirin Liya'ut Tawili, wanda kabarinsa ke can har yau. A cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, Malam Abdullahi ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da littattafan da ya ɗauka. Kalmar "ɗauka" ɗin ita ce abin lura. Littafi a wannan tsari ba a ɗaukarsa da ido kaɗai. Almajiri ya kan karanta 'yan kalmomi da ƙarfi, malam ya fassara, na gefe su saurara su ƙaru, har da wanda ba ya ganin takardar. Waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci ma an tsara su ne don su isa ga wanda ba ya karatu, makafi kuma suna cikin waɗanda suka yi ta yaɗa su gida-gida. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne, da baki ya tsara su wasu suka rubuta. Ba a faɗi wannan don a ƙawata zamanin da ba, gama wannan hanya ita ce kuma ta ɗaure makafi da yawa ga bara. Abin da a ke nufi shi ne, ɗalibin Gwandu ba baƙo ba ne ga rubutun da a ke ji da kunne, kuma malami zai iya farawa daga abin da ajinsa ya riga ya sani.

To, yaya makaho ya ke karanta shafi? Da wata manhaja ce mai bin rubutun tana furta shi da murya. Akwai JAWS, wadda a ke saye, da NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006 kuma a ke samunta kyauta, da TalkBack a wayoyin Android, da VoiceOver a na Apple. Manhajar ba ta ganin fuskar shafi kamar yadda mai ido ya ke ganinta. Abin da ta ke bi shi ne alamomin da ke ƙarƙashi, waɗanda maginin shafi ya sa don su nuna cewa wannan kan magana ne, wannan jeri ne, wannan gurbi ne na rubuta suna. Mai ido ya kan zazzaga shafi da kallo ɗaya ya faɗa inda ya ke so. Makaho kuwa ya kan yi tsalle daga kan magana zuwa kan magana. In magini ya ƙara wa rubutu girma kawai bai yi masa alamar kai ba, ga ido ya zama kai, ga kunne kuwa babu bambanci tsakaninsa da sauran layuka, sai mutum ya saurari shafin duka tun daga farko. In kuwa sanarwa ce aka buga a takarda, aka ɗauki hotonta aka liƙa, kamar yadda ofisoshi da yawa su ke yi, to, manhajar ta kan yi shiru, ko ta ce "hoto" ta wuce. Duk wannan ɗalibin kwamfuta zai gano shi. Abin da ke biye ne ba zai gano ba sai da taimakon ɗalibin Hausa.

Na farko, maganar haruffa masu ƙugiya. Tun wajen shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, kuma dukansu, manya da ƙanana, har da ƴ da a ke amfani da shi a Nijar, suna da gurbinsu a tsarin Unicode da kwamfutoci da wayoyin zamani ke bi. Duk da haka mai bin shafuffukan Hausa zai tarar da ƙ an rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar: wani ya bar shi k, wani ya sa k', wani 'k, wani q. Akwai kuma wata hanya mai ban mamaki ga wanda bai san asalinta ba, inda za a ga "}asa" da "]aya" da "~ata". Wannan gādo ne na zubin haruffan da aka yi amfani da su kafin Unicode ya yaɗu, waɗanda suka aro maɓallan baka-biyu suka ɗora musu surar ƙugiya. Sun yi wa ɗab'in Hausa hidima babba a lokacinsu, amma da an kwashe rubutun an kai shi intanet sai ƙugiyar ta faɗi, baka ta fito. Mai ido da ya saba ya kan gyara a zuci. Manhaja ba ta gyarawa: ko ta faɗi sunan alamar, ko ta tsallake ta ta ce "asa". Barin ƙugiya gaba ɗaya ma ba magani ba ne. "An yi faɗa a fada" sai ya koma "an yi fada a fada". "Baki" na ci da "baƙi" na launi da "baƙi" na saukarwa sai su zama kalma guda. Ɗalibin da ya ƙirga irin waɗannan a shafi ɗaya, ya jera su da gyaransu, ya yi aikin da a ke iya aunawa a ba shi maki.

Na biyu ya fi wuya, domin laifin ba na marubuci ba ne, na tsarin rubutun ne kansa. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. A irin waɗannan muhalli ya kan raba gardama. Inda abin ya ke da haɗari shi ne wajen lamiran aiki. A ɗauki wannan jimla ta sanarwa: "Ɗalibi ya kawo takardarsa ranar Litinin." In an ja "ya" da sauti sama, labari ne, an ce ya riga ya kawo. In an gajarta shi da sauti ƙasa, umurni ne, ana so ya kawo. Bahaushe mai karatu da ido ya kan zaɓi ɗaya ba tare da ya san ya yi zaɓi ba. Murya ta na'ura kuwa, musamman in ta Ingilishi ce aka tilasta mata Hausa, ba ta da wannan zaɓi, sai ta miƙe da sauti ɗaya ta bar mai sauraro da kintace. Ba a ce a koma sa alamun sauti a kowane shafi ba, wannan ba zai yiwu ba, masu karatu ma ba za su karɓa ba. Magani yana hannun marubuci: ya ce "wajibi ne kowane ɗalibi ya kawo", ko "an riga an karɓi takardar ɗalibi", yadda jimlar za ta tsaya da ma'ana ɗaya ko da wane sauti aka furta ta. Wannan darasi ne na insha'i tsantsa, kuma mai ido ma ya kan amfana da shi.

Akwai wata 'yar alama da ta shafi wannan, wadda ɗalibai za su duba cikin minti ɗaya. Ƙa'idar WCAG ta nemi kowane shafi ya bayyana harshensa a ƙarƙashi, lambar Hausa kuwa ita ce "ha". In ba a sa ta ba, ko aka bar ta Ingilishi, manhaja ba ta da hanyar sanin cewa ya kamata ta juya murya, ko da mai ita yana da muryar Hausa a na'urarsa. Haka in an kawo aya ko hadisi da Larabci a tsakiyar shafi, wajen yana bukatar tasa alamar.

Na uku, kalmomin nuni. Hausa tana da "nan" biyu da "can" biyu, waɗanda sauti ke rabawa: kusa da mai magana, kusa da mai sauraro, nesa ana gani, da nesa ƙwarai. Dukansu sun dogara ga cewa mai magana da mai sauraro suna kallon fili ɗaya. Makaho ya kan umurci manhajarsa ta jero masa dukan mahaɗan da ke shafi su kaɗai, don ya zaɓi inda za shi. In magini ya rubuta "danna nan" sau goma, abin da zai ji ke nan sau goma, ba tare da ya san wanne ne na sakamako wanne ne na biyan kuɗi ba. Gyaran shi ne a sa suna a wurin nuni: "sakamakon zangon farko", "takardar biyan kuɗin makaranta". Haka "duba akwatin da ke dama" ko "waɗanda aka rubuta da ja ba su ci ba". Ja da kore ba su da sauti.

Bayanin hoto shi ne wurin da gwanintar ɗalibi ta kan fito. Ƙa'ida ta ce kowane hoto mai ma'ana a rataya masa gajeren bayani da manhaja za ta karanta a madadinsa. Sabon shiga ya kan rubuta "hoton kasuwa". Mai zaƙewa ya kan cika layi biyar da launin riguna. Abin da a ke so shi ne a tambayi dalilin sa hoton. In labarin na cinikin albasa ne a Aliero, bayanin ya faɗi buhunan da aka jibge da motocin da ke lodi. In hoton ado ne kawai, a yi masa alamar da za ta sa manhaja ta wuce shi. Takardun ajami su ne suka fi wahala. Hoton shafi daga wani tsohon littafi, irin waɗanda Barth ya tarar a Gwandu a 1853 har ya kwafi sassan Tarikhus Sudan, ba ya bayyanuwa da jimla ɗaya. Sai an juya rubutun duka an ajiye shi kusa da hoton, kuma wannan aikin masu Hausa da Larabci ne, ba na kowa ba.

Kurame bukatarsu dabam ce. Abin da aka faɗa da murya a bidiyo sai an rubuta shi a ƙasan hoton. Nan ne karin harshen Gwandu ya ke shigowa. Dattijon ƙasar zai ce "munka tahi" inda littafi ya ce "muka tafi", wannan mai sauƙi ne. Amma a Hausar yamma "abin da suka yi" yana iya nufin abin da su ke cikin yi yanzu, domin na wanda ya wuce "sunka yi" ne. Wanda ya rubuta maganar yadda ya ji ta, ya miƙa wa kurman da ya koyi karatu daga littattafan daidaitacciyar Hausa, ya juya masa lokacin aikin ba da saninsa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne, sanarwa da darasi a rubuta su da daidaitacciya. Tarihin baka da waƙa kuwa a bar su da karinsu, a ƙara ɗan bayani, gama gyara su ɓarna ce. A kuma tuna cewa wanda aka haifa kurma harshensa na farko na hannu ne, ko maganar hannu ta Hausawa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa a 2000, ko ta makarantu wadda ta samo asali daga ta Amurka. Rubutacciyar Hausa harshe na biyu ce gare shi, doguwar jimla mai rassa kuwa ta kan gajiyar da shi.

Saura ranar bayani gaban aji. Abin dariya ne, amma ya kan faru, ƙungiya ta yi mako uku tana tonon laifin shafin wasu, sa'an nan ta haska majigi cike da ƙananan rubutu, mai magana ya juya wa aji baya ya ce, "kamar yadda ku ke gani a nan." Da wannan jimla ɗaya ya fitar da makaho, da juya bayansa kuma ya fitar da mai karanta leɓe. In aka kashe fitilu duka saboda majigi, hannun tafinta ma ya ɓace. Tsarin da ya fi wannan yana nan a kowane masallacin da a ke tafsiri da azumi: mai jan baƙi ya karanta nassi, malam ya bayyana. Ƙungiya tana iya yin haka, ɗaya ya karanta duk abin da aka haska, ya faɗi abin da zane ya nuna, ɗaya ya yi sharhi. Bayanin da aka shirya haka yana da wata fa'ida da duk malamin da ya koyar a ajin da wuta ke ɗaukewa zai gane, watau in majigi ya mutu magana ba ta mutuwa.

Wajen gwaji akwai kuskuren da ya kamata malami ya hana tun da wuri. Ɗalibai su kan so su ɗaure idon ɗayansu da ƙyalle don ya "ji yadda makaho ke ji". Wanda aka ɗaure wa ido na minti goma ba makaho ba ne, mai ido ne da ya ruɗe, kuma abin da zai kawo rahoto shi ne komi ba ya yiwuwa. Makahon da ya ƙware ya kan saurari manhajarsa da saurin da mai ido ba ya ko rarrabe kalmomin. Ya fi kyau ɗalibai su kunna TalkBack su koyi sarrafa ta, su ajiye linzami su bi shafin da maɓallai kaɗai, sa'an nan su nemi mai amfani da ita kullum ya gwada, a girmama lokacinsa kamar na kowane masani. In akwai makaho ko kurma a cikin ƙungiyar, kada a yafe masa aiki don tausayi, kada kuma a mai da shi abin nuni a gaban aji. A ba shi rabonsa na bincike da na magana, a kuma miƙa masa rubutun 'yan'uwansa tun kafin ranar.

Rabon maki shi ne inda aikin ƙungiya ya kan lalace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kowane malami ya san ƙungiyar da mutum ɗaya ya rubuta, mai baki ya yi magana, sauran uku suka sa suna. In aka ɗora maki duka bisa daɗin baki, an cuci mai i'ina da ɗalibar da kunya ta hana ta ɗaga murya, ko da su ne suka gano laifuffukan shafin. Ya fi adalci a raba makin gida biyu: kashi ɗaya na ƙungiya bisa rahoton da ta rubuta, kashi ɗaya na kowane mutum bisa sashen da ya sa wa hannu da tambayar da malami zai jefa masa, a kuma yarda ya amsa da baki ko da rubutu ko ta tafinta. Rahoton kansa a rubuta shi kamar wasiƙa zuwa ga masu shafin, kowane laifi da wurinsa da wanda ya ke cutarwa da jimlar da za a sa a madadinsa. A karɓe shi a rubutun da manhaja ke iya karantawa, da ƙugiyoyinsa na ainihi, kuma kafin malami ya sa jan biro ya kunna muryar ya saurari shafin farko.